Kontak lens mai laushi: da wace roba ake yin sa, kuma wanne ya dace da ƙurar Kano?

Wata 'yar uwa daga Kabuga ta aiko da wannan tambaya: "Lambar tabarauna −6.00 ce, kuma na gaji da shi. Na sayi kontak lens mai laushi, an rubuta kashi 58 ruwa a jikin kwalin, mai shagon ya ce duk wanda ruwansa ya fi yawa shi ya fi kyau. Amma tun da hunturu ya shigo, kafin la'asar idona ya bushe, sai in ji kamar yashi a ciki. Wata ƙawata kuma ta ce in nemi mai silikon, wai har barci ana yi da shi. Da me ake yin abin nan, kuma wanne zan saya?"

Malama, mai shagonki da ƙawarki kowanne ya riƙo ɓangaren gaskiya ya saki sauran. Maganar mai shago ta zauna a kan tsohuwar roba, kuma ko a can ma a kan shigar iska kawai take, ba a kan jin daɗin ido ba. Ita kuwa ƙawarki, rabin maganarta na farko zan iya sa masa hannu, amma batun barcin nan shi ne yake kawo mana mutane asibiti da hakiya. Dalilin ba zai fito ba sai mun fara daga idon kansa.

A saman baƙin ido akwai wani tantani garau, kaurinsa kusan rabin milimita, wanda a asibiti muke ce masa koniya. A kanta lens yake zama. Allah ya halicce ta babu jijiyar jini a ciki, don da akwai da haske bai wuce ba. Tunda jini ba ya kai mata oksijin, daga iskar waje take sha: oksijin ya narke cikin hawaye, hawayen su miƙa mata. Idan kika rufe ido kina barci sai ta koma dogaro da ƙananan jijiyoyin bayan fatar ido, kuma abin da take samu a lokacin bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da take samu ido a buɗe ba. Shi ya sa ko wanda bai taɓa sa lens ba koniyarsa kan ɗan kumbura da kusan kashi 4 cikin ɗari kafin asuba, ta sace bayan ya farka. Duk wanda zai ɗora wani abu a kan wannan tantani, tambayar farko da ke gabansa ita ce yaya zai yi bai shaƙe shi ba.

Lens na farko da ya yaɗu mai tauri ne, na wata roba da ake kira PMMA, wadda ake yanka allunan talla masu haske da ita. Wani Ba'amurke, Kevin Tuohy, ya nemi rajistar ƙaramin lens na wannan roba a 1948. Gani da ita tas, ba ta lalacewa, jiki ba ya ƙin ta, amma oksijin ba ya ratsa ta ko kaɗan, sai dai hawaye su riƙa kewayawa ta ƙarƙashi duk ƙiftawa.

Mai laushin da ke hannunki asalinsa daga birnin Furag ne, a ƙasar Cekoslobakiya ta wancan lokaci. Masana sinadarai biyu, Otto Wichterle da Drahoslav Lím, suka wallafa a mujallar Nature a 1960 cewa sun samu wata folima da ke shan ruwa ta yi laushi, kuma jikin mutum yana karɓar ta. Folima doguwar sarƙa ce ta ƙananan ƙwayoyin sinadari da aka jona dubbai. Leda, bokitin roba, auduga, duk folima ne. Ƙwayar da suka yi aiki da ita sunanta HEMA, 'yar uwar wadda ake yin PMMA da ita ce, sai dai kowace ɗaya tana ɗauke da ɗan reshe mai kama ruwa. Ki duba ƙaro, wanda shi ma folima ne mai son ruwa. In kika jiƙa shi zai kumbura, ya yi laushi, daga ƙarshe ya narke gaba ɗaya, domin babu abin da ya ɗaure sarƙoƙinsa da juna. Dabarar su Wichterle ita ce zuba ɗan wani sinadari, EGDMA, kaɗan ƙwarai, wanda ke ƙulla sarƙa da sarƙa nan da can. Sai abin ya sha ruwa ya kumbura iya inda ƙullin ya bar shi, ya tsaya nan, bai narke ba. Wannan shi ake kira haidurojel. HEMA zalla tana tsayawa a kashi 38 na ruwa, kuma har yau in kika ga an rubuta polymacon a kwali, ita ce. Lens huɗu na farko masu amfani a gida Wichterle ya yi su, a ƙarshen Disamba 1961, da kayan wasan haɗe-haɗe na yara da dainamon keke. Bayan shekara goma, a 1971, kamfanin Bausch & Lomb ya samu izinin hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ya fitar da su kasuwa da sunan Soflens.

In kina son ganin yadda laushin nan ya rataya ga ruwa, ki bar tsohon lens a kan faranti ya kwana. Da safe za ki tarar ya nannaɗe ya ƙanƙance, gefensa ya yi tsini, in kika matsa da farce ya fashe ƙas. Robar ita kaɗai busasshiya ce mai tauri. Wasu lens ɗin ma a bushe ake sassaƙa su da inji, sannan a jiƙa. Wanda ya bushe haka kada ki jiƙa ki mayar a ido ko da ya dawo da laushinsa, domin yakan samu tsagar da ido ba ya gani amma koniya za ta ji ta.

A wannan tsohuwar roba oksijin ba ta jikin sarƙar yake wucewa ba, ta cikin ruwan yake bi. Don haka ƙarin ruwa yana nufin ƙarin iska, kuma daga nan mai shagonki ya gaji maganarsa. Masu ƙerawa suka shiga cakuɗa HEMA da sinadarai masu jan ruwa fiye da ita: NVP, wanda ke iya kai ruwan lens kashi 70 da wani abu, da MAA, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa ke ɗaga ruwa zuwa kashi 55 ko 58. Robar etafilcon A ta lens mai suna Acuvue, wadda ta fito a 1987 a matsayin lens na farko da ya yaɗu na a sa a yar, HEMA ce da MAA, ruwanta kashi 58. Ana auna ratsawar oksijin da wani ma'auni mai suna Dk. Ta HEMA zalla tana wajen 9, ta masu kashi 58 tana ashirin da wani abu, masu ruwa sosai su kusanci 40. Amma akwai rufin da ba a wucewa: ruwa zalla ma Dk ɗinsa wajen 80 ne, kuma ba a yin lens da ruwa zalla.

Lambar da ta fi shafar ido ita ce Dk/t, wato Dk an raba shi da kaurin lens, tunda roba ɗaya in ta yi kauri iskar da za ta bari ta ragu. A 1984 Brien Holden da George Mertz suka auna suka ce koniya na buƙatar Dk/t na 24 don kada ta kumbura da rana, da 87 in za a kwana da lens. A 1999 wasu masu bincike, Harvitt da Bonanno, suka ɗaga lambobin zuwa 35 da 125. Ki lura, tsohuwar haidurojel da ƙyar take cika sharaɗin rana, na dare kuwa ko kusa. Akwai kuma abin da ya shafe ki ke musamman. Lambar da kamfani ke bugawa yawanci ta tsakiyar lens mai ƙarfin −3.00 ce. Lens na masu gajeren gani, wato masu lambar ragi irin taki, siriri ne a tsakiya, yana ƙara kauri zuwa gefe, kuma da lamba ta hau kaurin gefen ya hau. Mai irin lambarki in ta shekara da shekaru tana sa roba mai ƙarancin iska daga safe har dare, in muka haska idonta da na'ura mukan ga siraran jijiyoyin jini sun fara kutsowa daga farin ido zuwa cikin koniya ta sama, ƙarƙashin fatar ido, inda ita ba ta gani a madubi. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi, shi ya sa ba a ankara.

Yanzu ga abin da mai shago bai gaya miki ba. Ruwan da ke cikin lens ba a kulle yake ba. Fuskarsa ta waje tana kallon iska, ruwa yana tashi daga gare ta, lens ɗin kuma yana cike gurbin da hawayenki. A garin da iska ke da laima wannan asara kaɗan ce. A Kano cikin Disamba da Janairu, laimar iska da rana kan faɗo ƙasa da kashi 20. Ki haɗa da iskar da ke dukan fuska a cikin adaidaita sahu daga Kabuga zuwa Bata, da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, da kallon waya wanda ke rage ƙiftawa. Roba mai ruwa da yawa ta fi saurin zubar da ruwanta, musamman in siririya ce. Da ta bushe sai ta ɗan tsuke ta kama ido, motsinta ya ragu, ƙurar da ta shiga ƙarƙashi ta rasa hanyar fita, kuma oksijin ɗin da aka saye ta dominsa shi ma ya ragu tunda ta ruwan yake bi. Yashin da kike ji da la'asar ke nan. Sau da yawa mai irin kukanki in aka mayar da ita kan roba mai ƙarancin ruwa sai ta ji sauƙi, abin da ke ba mutane mamaki.

Sinadarin MAA yana da wata ɗabi'a kuma. Yana sa robar ta ɗauki cajin lantarki na ragi, alhali a cikin hawaye akwai wani furotin, laisozayim, mai cajin ƙari, sai su manne wa juna. Hukumar FDA ta kasa tsohuwar roba gida huɗu bisa yawan ruwa da wannan caji, kuma gida na huɗu, mai ruwa da yawa mai caji, shi ya fi kowa tara furotin. In lens na kwana ɗaya ne ko na mako biyu aka yar da shi kan lokaci, ba komai. Matsalar ita ce ɗabi'armu ta ja: na mako biyu a kai shi wata biyu saboda kuɗi, wai ai bai yage ba. Furotin ɗin ya tsufa ya canza kama, bayan fatar ido ya yi ƙuraje, ƙaiƙayi da kwantsa su taso. A garin da ƙaiƙayin ido na ƙura ya riga ya yi yawa tsakanin matasa, wannan ƙarin wuta ne.

Mai silikon da ƙawarki ta ambata shi ya karya wancan rufi na 80. Silikon roba ce da oksijin ke ratsa jikinta fiye da yadda yake ratsa ruwa, sai dai ba ta shiri da ruwa sam, kuma lens na silikon zalla yakan manne a ido ya ƙi motsi. An daɗe ana fama kafin a iya haɗa ta da haidurojel a samu abu garau, ba mai hazo ba. A wajen 1999 biyu na farko suka shiga kasuwa: balafilcon A na PureVision mai ruwa kashi 36, da lotrafilcon A na Focus Night & Day mai ruwa kashi 24 kacal amma Dk ɗinsa 140. Ki kwatanta da tsohuwar roba mai kashi 58 da Dk ashirin da wani abu. A wannan iyali lissafin ya juye: yawanci wanda ruwansa ya fi ƙanƙanta shi ya fi ba da iska, domin silikon ɗin ne ke ɗauke da ita. Don haka lambar ruwa ita kaɗai ba ta gaya miki komai sai kin san iyalin robar.

Na farkon nan sun zo da nasu laifin. Silikon yakan juyo fuskar lens ya kori hawaye, dole aka riƙa gyara fuskar da wata iskar gas mai caji da ake kira filasma. Sun kuma fi tauri, lotrafilcon A ya ninka etafilcon A tauri wajen sau huɗu, sai fatar ido ta riƙa danna shi yana gurzar saman koniya. Waɗanda suka biyo baya sun gyara da yawa. Senofilcon A na Acuvue Oasys, na 2005, ruwansa kashi 38, Dk 103, an saƙa wata folima mai riƙe ruwa, PVP, a cikin jikinsa. Comfilcon A na Biofinity ruwansa kashi 48, Dk 128, ba ya buƙatar gyaran fuska. Delefilcon A na Dailies Total1 kuwa tsakiyarsa kashi 33 ne amma fatarsa ta waje ta haura kashi 80. Abin da ya rage wa iyalin duka shi ne son maiƙo. Furotin ba ya kama su sosai, amma man da fatar ido ke fitarwa, da man shafawa na hunturu da ya saura a yatsa, da kayan kwalliya, duk suna manne musu su dusashe gani. Ki sa lens kafin kwalliya, ki cire shi kafin ki goge ta. Kwalli a cikin bakin fatar ido kuwa ki haƙura da shi ranar da kika sa lens. Garinsa yana zuba kai tsaye cikin hawaye, ina ganin baƙin ɗigonsa a kan lens ƙarƙashin na'ura.

Batun barci. Gaskiya ne FDA ta amince a 2001 a kwana da wasu masu silikon har dare 30 a jere, kuma gaskiya ne sun magance kumburin koniya. An yi zaton da zarar iska ta wadata gyambon ido zai ragu. Bai ragu ba. Wani babban bincike da aka yi a Ostiraliya ƙarƙashin Fiona Stapleton, aka wallafa a 2008, ya nuna cikin mutum 10,000 masu sa lens na tsohuwar roba da rana su cire da dare, kusan 2 ne ke samun gyambon koniya a shekara. Masu kwana da tsohuwar roba kusan 20, masu kwana da mai silikon kusan 25. A ƙasar da ba ta da ƙurarmu ke nan, kuma asibiti na kusa. Ido a rufe ɗumi ne da laima, hawaye ba sa wanke ƙarƙashin lens, ƙwayar cuta ta samu wurin zama. Akwai wata, sudomonas, da ke iya cinye tsakiyar koniya cikin kwana ɗaya zuwa biyu, in ta warke ma ta bar hakiya daidai inda ake gani. Ni ba na ba kowa izinin kwana da lens a garin nan, kowace roba ce, har barcin rana bayan azahar.

Abu na biyu da babu robar da ke kare ki daga gare shi shi ne ruwan waje. Akwai wata ƙwayar halitta, akantamiba, da ke rayuwa a rijiya, da tankin sama, da bututun famfo, da jarkokin 'yan garuwa. Tana shiga wani ƙoƙo mai tauri da sinadarin tace ruwa ba ya kashewa. A sha ta ba ta komai, amma in ta maƙale tsakanin lens da koniya ciwonta mai tsanani ne, maganinta kuma watanni yake ɗauka. Ruwan leda ma na sha ne, ba na wanke lens ba, balle yawu. Mu da muke alwala sau biyar dole mu yi wa wannan tsari. Wanke cikin ido ba ya cikin farillan alwala, don haka ki runtse sosai lokacin wanke fuska, ki bari gashin ido ya tsane kafin ki buɗe. Wanka kuwa a cire lens tukuna. Kuma kafin ki taɓa shi ki wanke hannu da sabulu ki goge ya bushe ƙarau, domin jiƙaƙƙen yatsa shi ne hanyar da ruwan rijiya ya fi bi ya isa ido.

Bari in ratsa kan masu launi, tunda lokacin biki ba a rasa su. Mafi yawansu tsohuwar HEMA ce mai ƙarancin iska, an ƙara mata fenti. Nagari fentinsa yana binne cikin robar. Na arha a fuska aka buga shi, yana da kaushi, ƙwayoyin cuta sun fi kama shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mai kwalliya ta sa wa amarya, ta cire ta jefa a ruwa, mako mai zuwa ta sa wa wata. A Amurka tun 2005 doka ta mayar da ko lens na ado kayan asibiti, ba a sayar da shi sai da takardar gwaji.

In ni ce ke, ko in ce in ƙanwata ce ke tambaya, ga yadda zan yi. Da irin lambarki, mai silikon na zamani zan zaɓa, saboda kaurin gefen nan. In aljihu zai ɗauka, na kwana ɗaya ya fi komai dacewa da Kano: ƙurar yau ta tafi da lens ɗin yau, babu akwatin ajiya, babu ruwan maganin wanke lens. Tsadarsa ita ce guda 60 a wata ga mai sawa kullum, amma wadda za ta sa ranar fita ko biki kawai, ta yi sauran kwanaki da tabarau, ba lallai ya fi mata tsada ba. In na wata ne, to wata ɗaya daga ranar buɗewa, ko sau nawa aka sa. A murza shi da ruwan maganin wanke lens a tafin hannu kowane dare, a zubar da tsohon ruwan akwati gaba ɗaya kada a yi masa ciko, a kife akwatin ya bushe, a sauya shi kada ya wuce wata uku. Ranar da hazo ya rufe gari har ba a hango Dutsen Dala, tabarau ya fi. Maganin ɗigawa na bushewa ki nemi wanda aka rubuta ya dace da lens ko marar sinadarin adanawa, domin wani da ake kira BAK robar tana tsotse shi ta riƙe shi a kan koniya.

Kada ki saya da lambar tabarau kai tsaye. Tabarau yana nesa da ido, lens yana manne, don haka −6.00 a tabarau yakan koma wajen −5.50 a lens. Akwai kuma lanƙwasa da faɗi, su ne BC da DIA a jikin kwali, yawanci 8.4 zuwa 8.8 da kuma 14.0 zuwa 14.5, sai an ɗora a ido an ga yadda yake motsi ake sanin ya zauna. Ki je wurin mai gwajin ido da ke da rajistar ODORBN, hukumar da ke yi wa masu gwajin ido rajista a Najeriya. A kwalin kuma ki nemi sunan robar, wanda kusan kullum yake ƙarewa da filcon. Kwalin da ba shi da sunan roba, ko lambar rukuni, ko ranar lalacewa, ki ajiye wa mai shi.

In wata rana ido ya yi ja da zafi, haske yana damun ki, ko gani ya dusashe kuma cire lens bai kawo sauƙi ba, kada ki ce afolo ne ki wuce kemis, domin wasu magungunan ɗigawa masu kwantar da ja suna hura wa gyambo wuta. Ki tafi ranar, ba gobe ba, sashen ido na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Murtala, ko asibitin ido na ECWA ko na Makka. Ki riƙe lens ɗin da akwatinsa yadda suke, kada ki wanke, domin daga jikinsu ake iya gano ƙwayar da ta shiga a san maganin da za a ba ki.